Lalitar Baba

Hannun Baba na fara gani a Japan. Ya miƙo shi zai karɓi jakata a filin jirgi, sai na ga farcen babban yatsansa babu, ga wani tabo fari ya ratsa bayan hannun kamar an ja da alli. Ban tambaya ba. Na durƙusa na gaishe shi, mutane suna ratsa mu.

"Tashi, Uwale," ya ce. "Nan ba a durƙusawa a hanya. Kin girma."

Sunana Saude, sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kirana da shi ba. A bas ɗin da ta kai mu garin da yake zaune bai yi maganar Inna ba, ni ma ban yi ba, amma ita ce zaune a tsakaninmu har muka sauka.

Baba makanike ne a Kwanar Dangora kafin wani dillalin kayan mota ya yi masa hanyar Japan. Ni da Inna muna Burumburum. Ya zo hutu ya koma, ya bar ta da ciki, sai ga shekarar canjin kuɗi. Ya turo kuɗin haihuwa ta banki. Kawu Sale, ƙanen Inna, ya je cirowa ya dawo da rotsi a goshi da shatin bulala a wuya, babu ko sisi, domin layin ya rikiɗe ya zama dambe. Inna tana da nata tarin kuɗin cinikin man gyaɗa, ƙulle a haɓar zani. Ranar da naƙuda ta zo da gardama, mai mota ya kalli kuɗin ya ce tsofaffi ne, gidan mai ba sa karɓa. Aka gwada turawa ta waya, ta ƙi tafiya. Kafin a samu mai tausayi rana ta yi nisa. Ba ta kai asibitin Tudun Wada ba, ita da abin da ke cikinta. Da za a yi mata wanka Gwaggo, yayar Baba, ta kwance ƙullin a gabana. Takardun a shimfiɗe suke lafiya lau, domin Inna takan danne su a ƙarƙashin tabarma kafin ta ƙulle.

Garin da Baba yake ba ya kama da hotunan Japan. Gonakin shinkafa ne ta ko'ina, da gidajen tsofaffi, da filayen fasa motoci da aka kewaye da dogayen kwanuka. A ɗaya daga cikinsu yake aiki. Na kai masa abinci a makon farko, na ga wani inji mai baki kamar na kada ya cafki jar mota, mai ɗan beyar wasan yara rataye a madubi, ya matse ta har gilasai suka yi tsalle. Shugaban ma'aikatan ba ya kiran kowa da suna. In yana son mutum sai ya jefe shi da noti. A gabana ya kwaɗa wa Baba safar hannu mai maiƙo a ƙeya saboda ya tsaya karɓar kwanon abinci. Baba, wanda a Kwanar Dangora yara shida ke ce masa Oga, ya sunkuyar da kai ya faɗi kalmar ban haƙuri da harshensu. Daga ranar ya ce kada in sake zuwa.

Wanda ya samar wa Baba aikin wani mutumin gida ne da ya daɗe a ƙasar, kowa Wakili yake ce masa. Shi ke kama wa baƙi ɗaki, shi ke yi musu tafinta a ofis, shi ke yankar wani abu a albashinsu da sunan ɗawainiya. Yana da ƙamshin turare da tattausar murya. Da ya zo yi mini barka da zuwa ya ba ni alewa ya ce, "'Yata, nan gidanku ne." Ni kuwa ƙasa nake kallo kamar yadda na saba, don haka takalma na fi sani. Direbansa, wani dogon saurayi da ba ya magana, yana da farin kambas da ya take bayansa ya mayar da shi silifa, igiyar ƙafar hagu ja ce, ta dama fara.

Aka sa ni a makarantar garin. A bakin ƙofa kowa ke cire takalminsa ya sa na ciki. Wata safiya na zura ƙafa sai na ji kamar kunama. Ƙananan ƙusoshin manna takarda ne aka jera, bakinsu sama. Na zare su ɗaya bayan ɗaya, na sa takalmin haka nan, na zauna a aji jini yana manne mini safa. Wata rana kuma a wurin wanke hannu 'yan mata uku suka riƙe ni, ɗaya ta ja hijabina ta baya har numfashina ya ɗauke, suna son ganin abin da nake ɓoyewa. Da suka ga kitso ne kawai sai suka tura kaina ƙarƙashin famfo. Ban gaya wa malama ba. Ban gaya wa Baba ba, domin mutumin da ake jifa da noti ba ya bukatar ƙarin kaya.

Wadda ta gani ita ce maƙwabciyarmu, wata tsohuwa mai lanƙwasasshen baya da ke noman kabewa da albasa a bayan gidanta. Sunanta Fumi, ni kuwa Kaka nake ce mata. Ta gan ni na wuce da jiƙaƙƙen hijabi a cikin sanyi, ta yafito ni, ta zaunar da ni kusa da hita, ta ba ni gasasshen dankali. Ba ta tambaye ni komai ba, kuma da ta tambaya ma lokacin ba zan gane ba. Da zan tafi ta rataya mini wani abu a wuya, shuɗi, kamar ƙwan zabuwa, da 'yar igiya a gindinsa. Na ɗauka abin wasa ne. Ta kama igiyar ta fizge. Ƙarar da ta fito sai da karen gidan gaba ya haukace. Ta mayar da igiyar tana dariya da bakinta mai haƙori uku, ta nuna ni, ta nuna hanya, ta yi alamar fizgewa. Na sa shi a ƙarƙashin hijabi. Ko da aka sake tare ni a makaranta ban ja ba. Kunyar a juyo a kalle ni ta fi mini dukan ciwo.

A hankali harshensu ya fara shiga kunnena, har na fi Baba, wanda iyakarsa sunayen kayan mota da ban haƙuri. Ni na zama mai karanta masa takardun wuta da ruwa. Ta haka na san yadda yake yi da kuɗi. Albashi dole ta banki ake biya, amma ranar da ya shiga ranar Baba ke fitar da shi kaf. Ya yanko bel ɗin kujerar wata mota, ya ninka biyu, ya ɗinke da zaren taya, ya yi lalita. A ciki yake jera takardun a tsaye, ya ɗaura a ƙugu ƙarƙashin riga. Da ita yake aiki, da ita yake barci. Ƙugun ya yi baƙi ya yi kanta.

Kuɗin sayen gona ne. Kakana yana cikin waɗanda ruwan Tiga ya tasa daga garinsu, ya mutu yana noma aron gona. Baba yana son fili a bakin ruwan, da injin ban ruwa, mu koma gida ya daina sunkuyar da kai. Ya riga ya yi magana da mai filin.

"Baba, me ya sa ba za a bar su a banki ba?" na taɓa tambayarsa.

"Bankin da ya riƙe kuɗin haihuwar Innarki?"

"Ai na nan daban ne."

"Kura ko ta ina ce kura ce, Uwale."

Abin dariyar shi ne Kaka Fumi ma ra'ayinsu ɗaya. Na taya ta gyaran ɗaki, na ga ambulan cike da kuɗi a ƙarƙashin kayan sawarta. Ta ce tun tana da sauran ƙarfi banki ya daina ba da kuɗin ruwan kirki, abin da zai ƙara mata a shekara ba zai sayi ƙullin albasa ba, ga shi kuma ta taɓa ganin shekarun da manyan bankuna suka durƙushe mutane suka yi cincirindo a ƙofa. Da na fassara wa Baba ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Ka ji tsohuwar arziki. Bankin da ba ya ba da riba ai ya kusa musulunta, saura ya daina riƙe wa mutane kuɗi."

A shekarar kuma kowa kukan yen, kuɗin ƙasar, yake. Mai da burodi da wuta suna ta hawa. Ma'aikatan wasu ƙasashe suna cewa abin da suke turawa gida ya ƙanƙance, har mutum biyu suka tattara suka bar ƙasar. A talabijin kullum sai an nuno wasu dattawa masu baƙaƙen kwat na babban bankin ƙasar suna shawarar ko za a ɗaga kuɗin ruwa. Baba ya ce shi bai dame shi ba: yen da ƙafa take gangarowa, naira kuwa a babur.

Bai sake dariya a kan kuɗi ba daga ranar da aka nuno sababbin takardu. Muna cin tuwon garin shinkafa, lokacin zafi, ƙwarin nan masu kuka kamar injin markaɗe sun cika bishiyoyi. Mai labarai ta ɗaga takarda mai sabuwar fuska tana juya ta a haske. Baba ya tsaya da loma a hannu.

"Me take cewa?"

"Wai an fito da sabon kuɗi."

"Yaushe ne wa'adin?"

"Ba ta faɗi wa'adi ba."

"Za su faɗa," ya ce. Ya mayar da lomar kwano, ya dafe ƙugunsa.

Ranar Juma'a Wakili ya tara mutanenmu bayan salla. Baba ya dawo fuskarsa kamar toka. Wakili ya ce yana da labari daga ciki: ƙarshen wata tsohon kuɗi zai mutu, ba a sanar ba ne don kada a firgita. Ya ce baƙon da ya kai kuɗi mai yawa banki za a tambaye shi inda ya samo, a rufe asusun, a kira 'yan shige da fice. Amma shi ya san wani mai canji, zai karɓi ɗan kaso kaɗan, kowa a ba shi ranarsa shi kaɗai don kada a ja hankali. Ranar Baba Lahadi ta sama ce bayan azahar, a filin fasa motoci, lokacin da babu kowa.

Ni dai abin da idona ke gani bai yi kama da mutuwar kuɗi ba. Na san kamanninta. Na ga Burumburum a lokacin, yadda mai shago ke ture tsohuwar takarda da bakin biro kamar mushe. A nan babu layi a banki. Babu mai gudu. A tashar jirgin ƙasa na ga wani mutum ya zura sabuwar takarda a injin sayar da lemo, injin ya tofo ta, ya sake, ya sake tofowa, sai da ya lalubo tsohuwa sannan ya samu lemonsa. A kanti Kaka Fumi ta biya da wata takarda da ta girmi waɗanda ke lalitar Baba, fuskar da ke jiki ma ban taɓa gani ba, mai kanti ya karɓa da hannu biyu. Na daure na tambaye ta. Ta ce wanda duk ya ce mini tsohon kuɗi zai daina aiki ɓarawo ne, ta nuna mini takardar gargaɗin da 'yan sanda suka raba wa tsofaffin unguwa.

Kwana biyu ina juya maganar a baki. Ranar Asabar da yamma Baba yana zaune yana ƙara ɗinkin lalita, na durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, kuɗin nan ba zai mutu ba."

Bai ɗago ba.

"Inji ma tsohon yake karɓa. Kaka Fumi ta ce 'yan sanda sun ce…"

"Mu ma an ce mana. Har a rediyo aka ce a ci gaba da karɓa. Mai motar ya karɓa?"

"Baba, Wakili ƙarya yake yi."

Ban ga tasowarsa ba. Na dai ji kunnena ya yi ƙara, kaina ya bugu da ƙyauren, bakina ya cika da gishiri. Bai taɓa dukana ba sai ranar. Ya tsaya a kaina yana haki.

"Ina nan ina jiran a ce, a ce, matata ta mutu a bayan mota da kuɗi a zaninta. Ba zan sake jira ba. Kin ji ko? Ba zan sake ba."

Ya fita. Da ya dawo ya ajiye mini madarar kwali a bakin katifa.

Lahadi bayan azahar ya sa riga mai kyau ya hau kekensa. Na bari ya sha kwana sannan na hau nawa. Ban san abin da zan yi ba. Zafin ranar har kwalta na danƙo, shinkafa kore shar hagu da dama, can nesa wasu tsofaffin manoma suna yanke ciyawar kunya da injinan da ake ratayawa a kafaɗa. Na jingine keke a bayan kwanon filin, na samu wata ɓula da tsatsa ta ci, na sa ido.

Baba yana tsaye a tsakanin gawarwakin motoci, yana duba waya. Wakili bai zo ba. Mutum biyu ne suka fito daga bayan kwantena, da huluna da takunkumin fuska, wanda a ƙasar ba abin mamaki ba ne. Baba har ya yi musu sallama. Guntun ya ɗaga ƙarfen cire taya ya sauke masa a kafaɗa. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an fasa busasshen icce. Baba ya durƙusa. Dogon ya shaƙe shi ta baya ya yage rigar, maɓallai suka watse. Kai tsaye ƙugu suka nufa, ba su ko taɓa aljihu ba.

Baba ya naɗe bakin lalitar a hannunsa na dama ya dunƙule. Suka buga masa ƙarfen a haƙarƙari, bai saki ba. Suka taka masa fuska a cikin baƙin mai da gilasai. Yana ta faɗin sunan Allah, sannan na ji yana kiran "Hajara, Hajara," sunan Inna, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Guntun ya ɗora hannun a kan wani rim ɗin taya ya daka da ƙarfe, ya sake dakawa. Yatsun suka juya inda yatsu ba sa juyawa, amma bel ɗin ya riga ya naɗe a wuyan hannun. Dogon ya zaro wuƙar yankan kwali. Da ya tako gaba na ga ƙafarsa: farin kambas, bayansa a take, jar igiya a hagu.

Bakina a buɗe yake amma babu abin da ya fito. Na yi ƙoƙari, wallahi na yi. Muryata ta ƙi. Wuƙar ta shiga lalitar tana yanka ta a tsaye, tana haɗawa da naman hannun Baba, takardu suna zubowa rabi-rabi. Sai hannuna ya tuna da abin da ke wuyana. Na fizge igiyar.

Kwanukan filin suka ɗauki ƙarar suka ninka ta. Mutanen biyu suka daskare. Na ruga bakin hanya ina ɗaga abin sama, hijabina ya zame ban tsaya gyarawa ba. Manoman suka juyo. Tsofaffi ne, babu wanda bai haifi Baba ba a cikinsu, amma suka taho da gudu iyakar ƙarfinsu, injinan ciyawar suna kunne, faifan yankan yana juyawa a gabansu. Ɓarayin suka ja iyakar abin da wuƙa ta yanke, suka haura ta baya. Na tarar da Baba a kwance, rabin lalitar a hannunsa, takardu manne da jini a ƙirjinsa da ƙasa. Wani tsoho ya cire tawul ɗin wuyansa ya ɗaure hannun. Wata tsohuwa ta durƙusa tana tsince guntayen kuɗin tana zubawa a hularta, ko ɗaya ba ta bari iska ta ɗauka ba.

Likitoci suka ceci yatsu uku. Kwana biyu bayan aikin Wakili ya zo asibiti da ledar ayaba.

"Subhanallahi, Malam Idi! Ni da na makara a hanya, ashe abin da ya faru ke nan. Allah Ya tona asirinsu."

Baba ya juya fuska bango. Ni ce na amsa. Na ɗago na kalle shi a ido, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na ce, "Amin, Baba Wakili. A gai da direba."

Ya ajiye ayabar bai zauna ba. Da 'yar sandan da ke zuwa ɗaukar bayani ta dawo, na gaya mata maganar takalmin da harshensu, ta sa na zana shi. Sun kama direban. Wakili kuwa ya bar garin kafin a je gidansa, har yau ban san ƙasar da yake ba.

Sai da 'yan sanda suka gama bincikensu sannan suka dawo mana da abin da ya rage, a cikin leda. Kaɗan ne masu lafiya. Sauran an yanke su, wasu sun rasa gefe, wasu rabi, duk sun bushe sun yi ƙauri da launin tsatsa. Baba ya leƙa ledar sau ɗaya ya ce in kai bola. Ya ce tsohon kuɗi, yagagge, mai jini, ko mahaukaci ba zai karɓa ba. Lokacin ƙarshen watan da Wakili ya faɗa ya daɗe da wucewa, kanti yana ta karɓar tsohon kuɗi, amma Baba ya ce jinkiri ne kawai.

Na kai wa Kaka Fumi ledar. Ta sa tabarau ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗauki waya. Ta ce in gaya wa Baba ya yi wanka ranar Talata, za mu birni.

Ya bi mu ne don kunyar tsohuwa. Reshen babban bankin ƙasar ne, gini mai sanyi, shiru kamar masallaci bayan an watse. Mai gadi ya sunkuya mana. Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana neman layin, yana neman mai bulala. Aka kai mu wani ɗaki, wata mata mai farar safar hannu ta karɓi ledar da hannu biyu. Ba ta yamutsa fuska ba. Ta ɗauki hantsaki ta riƙa ɓamɓare takardun a hankali, tana shimfiɗa kowace a kan wani faranti mai layuka kamar dara, tana haɗa guntu da ɗan'uwansa inda lambobi suka dace. Ta yi mini bayani, ni kuma ina juya wa Baba: wadda ta kai kashi biyu cikin uku za a ba da cikakken kuɗinta, wadda ta tsaya wajen rabi a ba da rabi, wadda ba ta kai haka ba sai haƙuri.

"Wace dabara ce kuma?" Baba ya ce a hankali. "Nawa ne kasonta?"

Na tambaya. Matar ba ta gane ba sai da na maimaita. Ta girgiza kai, ta ce babu.

Aikin ya ɗauki har bayan azahar. Abin da ya fito bai kai kuɗin filin da Baba ya yi ciniki ba. Ya dai kai na wani ƙarami, can baya da ruwa, wanda yanzu muke nomawa da hayar inji, ni ina riƙe masa tiyo bayan makaranta tunda hannun ba ya damƙa. Amma ranar ba lissafin fili yake yi ba. Matar ta turo tire da sababbin takardu, ta kuma turo 'yan guntayen da ba su kai ba a cikin ambulan, ta sunkuya ta ba da haƙuri a kansu. Baba bai taɓa tiren ba.

"Uwale, tambaye ta. Wa'adin fa? Yaushe tsohon zai daina?"

Na tambaya. Ta ce babu wa'adi. Ta ce waɗannan da ya kawo suna nan da darajarsu, kamar yadda waɗanda suka gabace su ma har yanzu ake karɓa.

Na faɗa masa. Ya kalli farantin, inda sauran jininsa ya bar ɗan tabo a kan layukan. Ya kalli safar matar da ta yi ja a bakin yatsu. Kaka Fumi ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ta ɗora hannunta a bayansa.

"Na Innarki," ya ce, "ko lanƙwasa babu. Ke kin gani ai. Ko lanƙwasa babu, Uwale."

Ya rufe fuska da hannun mai yatsu uku. Matar ta dube ni tana jiran in fassara. Na sunkuyar da kai na ce mata yana godiya ne.